Kejin da Malam Bunu Ya Bari a Zaurena

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Bunu Babagana, tsohon malamin dabbobi na Gwiwa, yana da shekara sittin da uku a duniya. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa ake komawa. An kai shi makwancinsa bayan sallar la'asar. Sahu ya yi tsawo har bakin hanya: ga mutanen Babura, ga na Roni, ga makiyayan da suka bar shanu a daji suka zo da sandunansu a kafaɗa. Ina cikin sahu na uku. Mutane da yawa sun riƙe hannuna suna cewa, "Malam Halliru, sai haƙuri, ka yi rashin aboki." Na amsa musu don haka aka saba. Amma ban cancanci ko ɗaya daga cikin gaisuwar nan ba, kuma abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan.

Malam Bunu, bari in yi magana da kai baki da baki, yadda muka saba a kan bencin ƙofar makarantarmu. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka turo ka garin nan da tsohon babur da jakar fata cike da sirinji. Fataucin shanu ne ya kawo mahaifinka Babura daga Barno, a can aka haife ka. Ni kuwa malamin firamare ne, jikan makiyaya, amma ko ɗan akuya ba ni da shi. Ranar da ka ji haka ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce yau ka ga Bafulatanin da ya lalace, gidansa babu abin kiwo sai kyanwa. Na ce ai Babarbare bai isa ya taɓa saniya ba sai ya nemi izinin ubangidansa. Da wannan wasan muka fara, kuma ban tuna ranar da muka yi faɗa ba.

Shanu da tumaki aka ɗauke ka aikin dubawa, sauran kai ka ƙara wa kanka. Sama'ilu mai shayi bai manta ba, kuma ya faɗa a wurin zaman makoki. Ragonsa na layya ya shiga gonar wake ya ci ɗanyen ganye, cikinsa ya kumbura ta hagu har ya yi tauri. Sama'ilu ya jiƙa masa kanwa, ya ce a bari zuwa gobe a gani. Kana tsakiyar cin tuwo labarin ya zo maka. Ko hannu ba ka tsaya wankewa ba. Ka zo ka durƙusa cikin taɓo da farar rigarka, ka soke gefen cikin da wani siririn ƙarfe mai rami, iska ta fita da wari, rago ya miƙe yana layi. Ka dubi Sama'ilu ka ce masa goben da yake jira, da fata kawai zai samu. Ya kawo maka kuɗi ka ce ya haɗa maka shayi mai kauri, ya ishe ka.

Wannan kowa ya yaba, don rago ne. Na karen Mamuda kuwa ba a yafe maka ba.

Mamuda mai gadin lambu ne, ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai wani jan kare da ke kwana a ƙofar bukkarsa. Karen ya ci shinkafar ɓera da wani ya zuba a bayan rumbu. Kwana biyu yana kwance, Mamuda yana cewa gajiya ce. Ka ɗaga leɓen karen ka nuna masa dasashi, ya yi fari fat. Ka ce dasashin dabba mai lafiya ja-ja ne, in ka gan shi haka jini yana tsiyaya a ciki, ba a kwana da shi. Ka ɗora karen a cinyarka bisa babur, ka ratsa tsakiyar kasuwa ranar da take ci, don ita ce hanya mafi kusa zuwa inda maganinka yake. Karen ya tashi, ya ƙara shekara huɗu. Kai kuma daga ranar ka samu suna: likitan karnuka. Akwai waɗanda in ka miƙa musu hannu sai su dafe ƙirji daga nesa. Akwai wanda ya taɓa matsawa daga kusa da kai a masallaci, alhali ka yi wanka ka sake tufafi. Idan saniyarsu ta kasa haihuwa kuwa, ƙofar gidanka suke bugawa. Na ga biyu daga cikinsu a sahun farko ranar Talata suna share ido da bakin riga. Ba zan ambaci sunansu ba, don ba ni da bakin da zan yi wa kowa gori.

Kowace shekara kana zuwa ajina ka yi wa 'yan aji shida magana. Kakan ce musu dabba ɓoye ciwonta take yi, ranar da ta kwanta a gabanka ta daɗe tana fama. Kakan faɗa musu abubuwan da ba a jira da su. Kyanwar da ke numfashi da baki buɗe. Muzurun da ke ta tsugunawa a ƙasa fitsari ya ƙi fita. Dabbar da ta wuni ta kwana ba ta sha ruwa ba. Sannan ka rage murya ka ce wanda ya fi duka shi ne dabbar gida mai sanyin hali da ta wayi gari ta zama wata daban, tana ɓuya, tana dalala, tana kai cizo ga wanda ya raine ta. Ka ce wannan kada a taɓa ta da hannu, a kira ka ko kana ina. Kai kake faɗa, ni nake rubutawa a allo. Sama da shekara ashirin, da hannuna na dama, da alli.

Kyanwar gidanmu ta mahaifiyata ce, Inna Shatu, wadda ta haura shekara tamanin, idonta kuma ya yi rauni. Toka take kiranta saboda launinta. Shekara goma sha ɗaya tana kwana a ƙafafun Inna. Tare suke shan fura, Inna ta zuba mata a murfin kwano. In Inna tana lazimi, Toka na kan gefen buzun. A tsakiyar damina, cikin watan Yuli, ta dawo wata safiya da rauni a wuya, alamar wani abu ya cije ta a bayan gari. Muka shafa mata man shanu, raunin ya rufe, muka manta.

Bayan kamar mako uku sai ta daina cin abinci. Ta shige ƙarƙashin rumbu ta ƙi fitowa. Kukanta ya sauya, ya yi kauri. Yawu yana zuba daga bakinta har ƙirji. Matata ta ce ƙadangare ta ci, haka yake yi musu. Inna ta ce sanyin damina ne. Ni na tsaya ina kallonta tana gartsa wa gefen tabarma cizo, na ga komai, na san komai, na ce a bari zuwa ranar kasuwa tunda ta ƙofarmu kake wucewa. Kwana uku muka jira. Lambarka tana cikin wayata.

Da ka zo ka leƙa ƙarƙashin rumbun, wasa ya bar fuskarka. Ka koma gida ka ɗauko wani keji na waya da ka ƙera da kanka, ka sa safar hannu, ka ce kowa ya shiga ɗaki. Inna ba ta shiga ba. Ta ji kukan kyanwarta, ta lallaɓo da sanda ta miƙa hannu tana kiran sunanta. Toka ta yi tsalle ta kafa mata haƙori a tsintsiyar hannu. Ka sa hannunka tsakaninsu ka ɓamɓare ta, ta juyo ta cije ka a gindin babban yatsa, haƙorin ya huda safar. Duk da haka ba ka sake ta ba sai da ka tura ta keji ka ja ƙofar.

Hannun Inna ka fara wankewa. Ka sa ni ina zuba ruwa da buta kana cuɗawa da sabulu, idonka a kan agogo, har minti goma sha biyar suka cika, jininka yana ɗiga a ƙasa. Sai da ka gama da ita ka wanke naka. Ranar muka ɗauki mota muka kai ta asibiti. Allurar riga-kafin haukan kare da ta rage a firij ɗinsu ta mutum ɗaya ce. Ba ka bari ma an yi shawara ba, ka ce a fara yi wa tsohuwa. Ma'aikacin ya ce kai ma kada ka yi wasa, ka wuce birni ka nema. Ka ce za ka je.

Ba ka je ba. Washegari da safe makiyaya uku suka zo daga wajen Babura, ciwo ya faɗa wa garkunansu a kan iyaka, shanu suna faɗuwa. Ka yi ritaya, amma kai suka sani. Kafin ka hau babur ka tsaya a zaurena ka nuna kejin. Ka ce in ajiye ta kwana goma, in riƙa tura mata ruwa da abinci ta cikin wayar, kada hannu ya shiga. In ta kai kwana goma da rai, ba ciwon ba ne, ka huta da tafiya. In ta mutu kafin nan, in kira ka a wannan sa'ar, za ka bar komai ka wuce Kano. Ka san ba haka ƙa'ida ta ce ba, ka san wanda aka ciza ba ya jira. Wannan kuskurenka ne, Malam Bunu, kuma ina jin haushinka a kansa har yanzu. Amma a kan maganata ka jingina shi.

Toka ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ta yi ta kuka a cikin kejin tana cizon waya har bakinta ya yi jini. Inna tana jin ta daga ɗaki. A kwana na biyu Inna ta ture kwanon furarta. A na uku ta kira ni, ta sa na durƙusa a gabanta.

"Halliru," in ji ta, "ka yi karatu, ka fi ni sanin abin da malamai suka ce ya sami matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Ƙafata ɗaya tana kabari. A gidana za ka yi mini wannan?"

Na ce, "Inna, ga abinci nan a gabanta, ita ce ta ƙi ci. Malam Bunu ya ce babu zunubi a kanmu."

Ta ce, "Bunu ne zai kwanta mini a ramin? In ba za ta rayu ba, kai ta inda Allah zai yi hukuncinSa, ba hannunmu ba."

A nan ƙasar ba ma kashe kyanwa, ba ma kuma son ta mutu a hannunmu. In ta dame mu, buhu muke sa ta mu kai ta nesa mu saki, mu dawo gida da zuciya fes, kamar ba mu yi komai ba. Haka na taso na gani. Ba na ɗora wa Inna laifi, tsoron Allah ne ya sa ta magana, da abin da ta sani. Ni ne na san abin da ba ta sani ba. Bayan azahar na lulluɓe kejin da tsohon bargo, na ɗaure a bayan babur, na bi hanyar Roni har inda duwatsu suka fara. Na ɗaura igiya a ƙofar kejin, na ja da baya, na fizge. Ta fito tana jan ƙafafunta na baya, ta shige cikin ciyawa. Na ce wa raina ai tana tafiya, wataƙila iskar daji ta warkar da ita. Inna ta sha furarta a wannan yammacin.

Ranar kwana na goma ka kira ni daga Babura, ina jin kukan shanu a bayanka. Ka ce, "Bafulatani, ya garkenka?" Kunya ta rufe ni. Na tuna allon, na tuna jininka a tsakar gidana, na kasa cewa na saki abin da ka ba ni amana. Na ce ta warke, har ta kama ɓera jiya. Ka ce alhamdu lillahi, ashe tsufa ne ya sa ka tsorata. Da ka dawo ka tambaye ta, na ce ta fita yawonta. Ka ce in ajiye kejin, za ka aiko a ɗauka. Makonni bakwai na yi ina gaisawa da kai, ina kallon ɗan tabon da ke gindin yatsanka, kowace rana ina cewa gobe zan faɗa maka. A kwanakin farko maganar za ta iya cetonka. Na bar su suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

A farkon Oktoba tabon ya fara yi maka ƙaiƙayi da zafi har kafaɗa. Zazzaɓi ya biyo baya. Aka ce na sauro ne, ka sha magani. A kwana na uku matarka, Kellu, ta miƙo maka ruwa a kwanon sha, ka kai baki, maƙogwaronka ya shaƙe, kwanon ya faɗi. Ba ka buƙaci likita ya faɗa maka ba. Kai da kanka ka ce wa Kellu ta ware kwanonka, kada yawunka ya taɓa kowa. A waje kuwa gari ya ɗauka. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. Na ji da kunnena wani yana cewa ai dama wanda ya mai da karnuka abokai, ƙarshensa ke nan. Ina tsaye kusa da shi, ban kare ka ba.

Ka aiko a kira ni da hantsi, kafin a tafi da kai asibiti. Ka sa kowa ya fita. Hankalinka yana nan sarai, muryarka ce kawai take yankewa. Na shiga ina jiran ka tambaye ni ko da gaske ta warke, na shirya kuka, na shirya neman gafara. Ba ka tambayi wannan ba. Ka dube ni ka ce, "Halliru, a ina ka sake ta?"

Na faɗa maka. Ka lumshe ido kana lissafi, sannan ka ce akwai ruga a bayan duwatsun nan, suna da karnuka. Ka ce in fita in turo maka Mu'azzam. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ba ka zage ni ba, ba ka kuma ce ka yafe ba. Ba ka da lokacina.

Mu'azzam, babban ɗanka, ya hau babur ya tafi rugar a ranar da saƙonka na ya binciki karnukansu, ba tare da ka gaya masa dalili ba. Mutanen rugar suka ce masa da damina karensu ya yi kokawa da wata kyanwa a cikin ciyawa. Kwanan nan karen ya haukace, sun kashe shi, amma kafin nan ya ciji wata mai tallar nono, Sa'adiyya, a ƙafa. Kwana huɗu ke nan, sun ƙona gashin karen sun shafa mata a raunin. Mu'azzam bai bar wurin ba sai da ita da mijinta, kuma bai tsaya ko'ina ba sai inda aka sami allura. Tana nan da rai, na gan ta ranar kasuwa da ƙwaryarta. Inna ma tana nan, ta gama allurarta tun a damina. Jiya ta tambaye ni me ya sa malamin kyanwa ya daina zuwa gaishe ta.

Ban rubuta wannan don a ce Halliru ya yi jarumtar faɗin gaskiya ba. Gaskiyar da ta zo bayan an rufe kabari ba ta da wani amfani ga mai kabarin. Na rubuta ne don masu cewa jifa su yi shiru, don kuma duk mai dabba a gida ya ji. In ka ga halinta ya sauya, in ta ƙi ruwa, in tana dalala, kira mai sani a wannan sa'ar. In ta ciji wani, a wanke da sabulu a tafi asibiti, kada a jira komai. In aka ce ka tsare ta, ka tsare ta, ko wa ya yi kuka.

Ranar sadakar bakwai na ɗauki kejin na kai gidanka. Na tsaya a bayan labule, Kellu tana ciki tana takaba, Mu'azzam da ƙanwarsa Zulaikha suna zaune. Na faɗi komai yadda na faɗa a nan, ban rage ba. Mu'azzam ya tashi ya fita. Kellu ta ce, "Malam Halliru, kwanansa ne ya ƙare, wannan na yarda. Yafiya kuwa ba yau ba, ka ba ni lokaci." Na ce ga kejinsa na kawo. Ta ce, "Koma da shi. Mu muna da ɗakinsa da za mu riƙa gani kullum. Kai ma ka sami abin gani."

Allah Ya jiƙan Malam Bunu Babagana, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya tausaya wa bayin Allah marasa baki, Allah Ya tausaya masa. Yadda ya rasu yana son ruwa ya kasa haɗiya, Allah Ya shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kellu, da Mu'azzam, da Zulaikha, da danginsa na Babura da na Barno, da makiyayan ƙasar nan da suka rasa wanda suke kira, ko da ba za su so ta daga bakina ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya ba ni abin da zan ce ranar da za mu tsaya ni da shi a gabanSa. Amin.

Kejin yana zaurena, a gefen ƙofa, igiyar da na ɗaura tana jikinsa. Ta gabansa nake wucewa sau biyar a rana in zan tafi masallaci.